Cikin Frasina Ke Ciwo, Suka Ɗaure Mata Hannu

Ranar Talata, huɗu ga watan Nuwamba, ina kwance a asibiti da karayar ƙafa, aka zo mini da labarin rasuwarki, Frasina, 'yar ƙanwata, kina da shekara ashirin da shida. Wanda ya ba mu ke ya karɓi abinsa, ban ja da wannan ba. Amma na san hannuwan da suka tura ki, kuma yau sai na kira sunan masu su, domin akwai wani cikin a gidan ubanki, wata biyar, ana shirin yi masa abin da aka yi miki.

Tun kina ciki aka cuce ki. Kakarki ta wajen uba, Agafia, ita ke cika wa uwarki kofi da jar giyar inabi kullum da rana, wai tana ƙara jini. Duk ƙauyen nan haka aka tashi aka gani, amma ita har tsayawa take a kanta sai ta ga gindin kofin. Aka haife ki 'yar mitsitsiya. Kina shekara bakwai likita a babban birninmu Chişinău ya ce giyar ce ta taɓa miki ƙwaƙwalwa. Agafia ta ce likitan ne ba shi da hankali. Da uwarki ta rasu, na ɗauko ki da 'yar jakarki.

Mutane suna ce miki mahaukaciya. Mahaukaciyar da ta san sunan kowace kaza a gidana? Ke ce mai ɗora takalmina kusa da murhu don in sa da ɗumi. Ke ce mai kai wa tsohon makwabcinmu ruwa, ba wanda ya aike ki, ki dawo rabin bokitin a jikin rigarki kina dariya.

Shekara biyu na yi kafin na gane fushinki daga ciki yake tasowa. In kika kwana uku ba ki zaga ba, sai cizon hannu, sai buga kai a bango. Ba ki iya cewa ga inda ke ciwo ba, har na koya miki. Sai ki zo ki ce, "Inna, ciki ya yi dutse." In ba ki nono mai tsami da safe, da ruwan kabejin da muka tsuma, in jiƙa miki busassun 'ya'yan itace, in shafa miki mai a ciki, mu taka har rijiya. Farin burodi da alewa kuwa na hana. Washegari ki tashi kina waƙa.

Da na faɗo daga tsani lokacin tsinkar inabi, na roƙi ubanki Gavril ya riƙe ki mako uku kacal. Na rubuta masa abincinki a takarda. Kwana biyu Agafia ta ce ba za ta iya da ke ba, ya kai ki gidan da ake ajiye masu naƙasa, takardar tana aljihunsa. Wata mai shara a can ta gaya mini sauran tana kuka. Kwana tara cikinki a ɗaure. Kina ihu, kina cewa dutse, suka rubuta tsiwa ce, suka ɗaure miki hannu a gado suka yi miki allurar barci. Ba wanda ya ɗaga rigarki ya duba, har hanjin ya fashe.

Da sanduna biyu na je jana'izarki. A wajen cin abincin sadaka, kamar yadda aka saba, kowa sai ya sha kofin giya domin ran mamaci, ƙin sha kuwa raini ne ga gawa. Ina kallo Agafia ta miƙa wa Domnica, sabuwar matar ubanki, da cikinta a gaba.

Yarinyar ta ce, "Mama, a asibiti an hana ni."

Agafia ta ce, "Ke tafi can! Asibiti ne ya haifi mijinki? Shanye, domin ran Frasina."

Domin ranki! Wallahi ban san lokacin da sandata ta doke kofin ba. Na ce, "Agafia, wadda kika shayar ta farko yanzu muka rufe ta da ƙasa. Ba ki ƙoshi ba?" Gavril ya ce, "Yaya, ki ji kunyar mutane." Na ce, "Ciro takardar da ke aljihunka ka karanta musu, in kai ka san kunya."

Suna ta hayaniya na fita. Da ɗuwawu na sauka ɗakin ƙarƙashin gidan ubanki inda suke ajiye giya, mataki bayan mataki. Ganga huɗu, giyar bana gaba ɗaya, na buɗe bakin kowacce na zauna ina kallo har ta kai mini idon sawu. Ban yi nadama ba. Baɗi ma in sun matsa inabi zan dawo.

Fada, limamin cocinmu, ya ce in yafe. Na ce masa ba ni aka ɗaure a gado ba, su je su nemi yafiyar a wajenki.

Allah ya jiƙanki, Frasina, ya kwance miki hannu, ya ba ki hutun da cikinki bai taɓa ba ki ba. Ina yi wa makwabta da suka so ki ta'aziyya, da mai sharar da ta faɗi gaskiya. Gavril da Agafia, ba ni da gaisuwar da zan yi muku. Allah ya ba ku tsawon rai da lafiyar kunne, ku yi ta jin ihun nan.

Domnica kuwa tana gidana tun ranar, a kan gadonki take kwana. Jiya ƙaninki ya motsa, ta kama hannuna ta ɗora a wurin.