Daga Suva Zuwa Selly Oak

Akwai wani aibi da ya yawaita a tsakanin masu ilimin zamani, wato mutum ya san nisan ƙarshen duniya, amma ya jahilci hanyar gidan wanda yake da haƙƙi a kansa. Uba Sale Gumel misali ne, kuma ko shi ba zai musa ba.

Uba ya zo Ingila karatun digiri na uku a kan yadda teku ke cin gaɓa. Da ya sauka bai san kowa ba. Malam Aminullahi, wani dattijo mai koyarwa a Birmingham, shi ya ba shi ɗaki da abinci a gidansa na Selly Oak, har ya samu masauki a Moss Side da ke Manchester. Daga baya bincike ya kai shi tsibiran Fiji, ya dawo da labari guda da ba ya gajiya da shi: yadda ƙaramin jirgi ke tashi daga wajen birnin Suva, ya tsallaka ruwa, ya sauka a Savusavu, wani gari na bakin teku. Ko a walimar suna sai ya jera cokula a kan tabarma yana auna wa mutane tazarar.

Ana cikin haka Malam ya kwanta asibiti a unguwar Edgbaston da ke Birmingham. Matarsa Hajo ta kira Uba ta ce, "Malam fa yana ta cigiyarka."

Ya ce, "In sha Allahu ƙarshen makon nan, Yaya Hajo."

Bai je ba, domin yana shirin komawa Fiji, kuma a ganinsa wurin da jirgin ƙasa ke zuwa kullum ba ya bukatar gaggawa. Da Malam ya rasu ranar Alhamis, Uba ya sake yin lissafi: a ƙasar nan takardu kan tsare gawa kwanaki, don haka Asabar ta isa. Bai sa 'yan'uwa a lissafin ba. Sun yi ta zirga-zirga har suka karɓo takardun, aka yi wa Malam sutura bayan sallar Juma'a.

Uba ya iso ranar Asabar ya tarar da zaman makoki. Ya durƙusa a bakin ƙofa, ya yi gaisuwar ta'aziyya. Hajo ta amsa masa a hankali, sannan ta ce, "Sannu da hanya, Uba. Ashe jirgin Birmingham ya fi na Fiji wuyar samu?"

Babu wanda ya yi dariya.

Uba ya kammala karatu, yana nan a Moss Side yana koyarwa. Duk ɗan Arewa da ya kwanta asibiti a biranen nan biyu, shi ne farkon mai zuwa dubiya. In an tambaye shi labarin Fiji, sai ya sunkuyar da kai ya ce wuri ne mai nisa.