Tagar da Ba a Rubuta wa Suna Ba

Ummuhani na zaune a rumfar mai gyaran waya cikin Kasuwar Kilomita Biyar, tana jiran a canza mata gilashi, sai idonta ya sauka kan wani dattijo a bakin shagon ƙusoshi. Siriri ne, ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare, yatsunsa duk farin fenti. A cinyarsa akwai jirgin sama na gwangwanin madara, tsawonsa kamu guda. Fiffike ɗaya ya ɓalle, yana shafa masa gam yana dannewa, ko 'yan babur sun wuce da hayaniya ba ya ɗaga kai. Ta ce a ranta, ko tela ne ko tsohon makanike, don hannun nan ya saba da aiki mai laushi.

Ta matsa kusa. A kowace tagar jirgin, inda wani zai zana kan fasinja, shi suna ya rubuta da ajami, da bakin tsinke.

"Baba, na sayarwa ne?"

"A'a, 'yata. Irin wanda ya kwashi mutanen layinmu daga Bangi zuwa Njamena ne, shekarar tashin hankali. Ni ba na zana fuskar ɗan Adam, shi ya sa nake sa sunayensu."

Ta bi tagogin tana karantawa: Nata'ala, Iyatu, Sharifa, Hamza. Ta ƙarshe, kusa da wutsiya, babu komai a cikinta.

"Baba, kun manta wannan."

Ya hura fiffiken, ya taɓa ya ji ko ya kama.

"Ban manta ba. Kujerata ce, ban hau ba."