Jiƙaƙƙen Wuri a Gindin Dam

Maigidana, Allah Ya jiƙansa, shi ne mai gadin dam ɗin garinmu tun ina goyon fari. Ban iya karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, in na tsaya kuma kuka ne ya tsayar da ni.

Dam ɗin tsoho ne, bangonsa na ƙasa, gidajenmu kuma suna gangarensa. Wani rani Malam, maigidan nawa, ya ga ruwa yana tsattsafowa daga gindin bangon. Ya dawo gida ya kasa cin tuwo. Ni kuwa da na je, wurin shuka na gani. Na zuba yakuwa da alayyafo a gefe, suka yi kyau har maƙwabta na roƙon iri.

Duk shekara masu duba dam sukan zo a mota. Da aka ji suna tafe, mai gari ya sa aka share hanya, aka shafa wa duwatsu farar ƙasa. Malam ya ce zai nuna musu wurin.

Mai gari ya ce, "Haba Malam, baƙo ya taso daga nesa ka tarbe shi da ɓarakar gida? In suka rufe ruwan, kai za ka shayar da albasar mutane?"

Sai aka jera kara a kan jiƙaƙƙen wurin, aka shimfiɗa tabarmi, wai nan ya fi sanyi. Nan baƙin suka zauna suka ci tuwo da miyar yakuwata. Babbansu ya ce wa Malam, "Baba, irin wannan miya ko a cikin Daura sai an tona." Malam na tsugune yana amsa godiya. Ba a katse wa baƙo loma, ba a kuma shiga gaban mai gari da magana. Kafin su wanke hannu la'asar ta yi. Suka yi salla, suka leƙa ruwan daga sama, suka rubuta lafiya lau.

Haka aka riƙa yi shekara da shekaru. Duk damina Malam shi kaɗai yake jidar buhunan yashi yana toshewa, har ƙirjinsa ya gaza. Mutumin da ko tsawa bai taɓa yi mini ba.

Da ya rasu masu duba dam suka zo ta'aziyya. Ina cikin takaba, daga bayan zana na ce, "'Ya'yana, bangon nan yoyo yake. A kan wurin kuke cin tuwo."

Can babban ya ce, "Iya, ki yi haƙuri, za mu duba."

Sun kuwa duba, ba zan ɗauki alhakinsu ba. Bayan Babbar Salla aka kafa allo, aka karanta mini: an hana shuka a gindin dam saboda tsaro. Aka tuge yakuwar. Mai gari ya daina aiko mini da gaisuwa.

Ruwan da ke yoyon yanzu ya kai kaurin hannuna, ba ya shayar da komai. Ɗana ya ce in koma wurinsa a Sandamu. Na ce sai bayan damina, don a ɗakin nan Malam ya cika. Gidan shi ne na farko in ka gangaro daga bangon.