Ɗigon Kore a Kumatun Maigidana

Wata rana, watanmu biyar da aure, maigidana ya shigo da aikinsa gida saboda ana gyaran rufin shagonsu.

Sana'arsa haɗa fitilar leza. Irin wadda ake haskawa a ɗakin taron biki, ta rubuta sunan amarya da ango a jikin bango.

A cikin akwatin akwai 'yan fitilu uku, kowacce ba ta fi ƙwayar wake ba. Ja, kore, shuɗi. Sai wasu 'yan madubai kamar farce. Zai yi ta murɗa ƙusoshi a hankali har hasken ukun ya haɗu ya zama zare ɗaya fari, siriri.

Mutum ne mai kula, kar in ci haƙƙinsa. Ya saki labule, ya ɗauki zanina ya rufe madubin ɗaki. Ya ce in zauna can bakin gado, hasken nan yana ƙona ido kafin mutum ya ƙifta. Sannan ya sa baƙin tabaransa.

Sai dai da tabarau ba ya ganin zaren sosai. Idan ya zo daidaitawa yakan ɗan sauke shi kan hanci, ya leƙa ta sama.

Abu ɗaya ya manta.

Jerena.

Kwanukan silba da gwaggona ta jera mini a saman kabad, da babban faranti a jingine, wanda nake gogewa kullum har ina ganin fuskata a ciki.

Ina zaune ina tsince shinkafa sai na ga wani ɗigon kore a kumatunsa. Na bi shi da ido. Daga akwatin yake fita, ya daki farantin, ya dawo.

Duk murɗawar da ya yi, ɗigon sai ya ƙara hawa.

Na buɗe baki. Sai na tuna ranar da na tambaye shi me ya sa ja da kore suke ba da ruwan ɗorawa. Dariya ya yi, ya ce Bara'atu, wannan ba haɗin miya ba ne, ki bari kawai. Wasa yake, amma tun ranar ban sake tambaya ba.

Na ce a raina, shi da ya yi karatun abin. Ni da ko sakandare ban gama ba. Ai ya san da shi.

Na mayar da kaina kan shinkafa.

Sai na ji ya ce innalillahi, a hankali. Ya dafe idon dama.

Babu jini, babu kumburi. Ya ce ba komai, zai wuce. Har kwana uku abin bai wuce ba. Ranar ta huɗu ya zo zuba shayi, ya zuba a gefen kofi.

A asibitin ido likita ta ce can cikin idon ne ya ƙone, daidai inda mutum yake ganin abin da ya sa a gaba. Ta ce a yi ta addu'a, amma ba ta yi mana alkawarin komai ba.

A keke muna dawowa ya yi ta juya abin, wai shi fa ya rufe madubi, ta ina hasken ya biyo. Na kasa riƙewa. Na ce faranti ne, na ga ɗigon yana hawa.

Ya juyo.

"Kin gani, kika yi shiru?"

"Na ɗauka ka sani, Yaya."

Ya mayar da fuskarsa kan titi. Can ya ce:

"Ni kuma na ɗauka ba ki san komai ba."

Bai yi mini faɗa ba. Wallahi da ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Yau wata biyu. Idan ya rufe idon hagu ya dube ni, yana ganin ɗankwalina, yana ganin wuyan rigata. Fuskata ce babu.

Darasi: 'Yar'uwa, idan idonki ya ga haɗari, ki faɗa, ko da muryarki na rawa. Gara a yi miki dariya. Ku kuma maza, wasan da kuke yi da tambayar matanku yana rufe bakin da wata rana za ku buƙata.

Ki tura wa wadda kika san kunya ta yi mata yawa. Ku sa maigidana a addu'a, don Allah.