Bakin Garma Uku da Na Tsoma a Ruwan Gishiri

Ko na manta yawan jikokina, ba zan manta da ranar da aka gwada ƙarfen mijina a bakin iyakar Jibiya ba. Lokacin an riga an mayar da motoci hannun dama, direbobin Maraɗi sun daina sauya hannu in sun tsallako. Fam da sule sun tafi, naira ta zo, babban farin nan da ya kashe shanu ya wuce da damina biyu. Kuɗi sun shigo ƙasa, manoman da suka rasa shanu suna sake saye, kowa kuma garmar shanu yake nema.

Ni ɗiyar maƙeri ce, matar maƙeri. Daga Kusa har Farfaru, ba gidan da ba a noma da fartanyar maigidana. Sai kuma ga mijin ƙanwata. Wannan mutum a maƙerarmu ya koyi riƙon masabar dukan ƙarfe, ni na aurar mashi da yarinyar da na goya a bayana. Ya je Maraɗi ya yi shekara huɗu a garejin manyan motoci, ya dawo yana "wi, wi" kamar a Faransa aka yanke mashi cibi. Ya buɗe tashi maƙerar kusa da shingen kwastan, inda nake sayar da fura. Kullum ina kallon mutanenmu suna wucewa wurinshi, furar tana yi mani tsami a baki.

Wata rana wani injiniya ya zo daga wani kamfanin Kano da ke harhaɗa garmar shanu. Maƙeri ɗaya suke so ya riƙa ƙera masu bakin garma na yankin nan duka. Ya fito da ɗan akwati, ciki akwai wani ƙarfe kamar babban yatsa, a ƙarshenshi ɗan dunƙule kamar ƙwayar dawa. Yakan ɗora shi bisa ƙarfe, ya buga da guduma sau ɗaya, sannan ya duba ramin da ya bari da madubi. Ya gwada a ƙarfen gado, rami ya fito babba. Ya gwada a sifirin mota, ɗan ƙarami. Ina riƙe da ludayi na yanke hukunci ni kaɗai: mai ƙaramin rami shi ya ci. Ban tambayi kowa ba. Injiniya ya ce maigidana da mijin ƙanwata kowannensu ya kawo bakin garma guda uku ranar kasuwa.

Washegari ƙanwata ta shigo da sabuwar atamfa, ta zauna mani bisa turmi.

"Yaya, shi fa a baƙin mai yake tsoma nashi. Ya ce ruwa aikin mutanen da ne."

"Mutanen da ɗin ne suka koya mashi fyace majina," na ce da ita.

Ta yi dariya ta tafi, ta bar ni ina tafasa.

Maigidana yana da hanyarshi. In ya tsoma ƙarfe a ruwa, sai ya mayar da shi gefen wuta a hankali har ya yi launin wuyan tantabara. Na san wannan mayarwar tana rage tauri. Na ce, "Malam, wannan karon ka bar shi yadda ya fito daga ruwa mana." Bai ko ɗago kai ba. "Ke na taɓa koya maki dama fura?"

Ana gobe kasuwa ya tafi jana'iza Magama da hantsi. Na shiga maƙera, wurin da ƙafata ba ta taka ba tun ina budurwa. Na zuga wuta da hannuna, na mayar da bakin garma ukun nan da ya gama jajur, na kama su da awartaki na dulmiya a ruwan randa mai sanyi da na zuba wa gishirin miyata kaf. Na shafe su da toka da mai, na jera yadda ya bar su. Wallahi har daɗi nake ji.

Ranar kasuwa mutane suka cika ƙarƙashin dalbejiya, har 'yan kwastan. Injiniya ya fara da na mijin ƙanwata: ya buga, ya duba, ya gyaɗa kai. Daga inda nake ina hango ramin. Ya ɗauki namu ya buga, ya nemi rami da madubi da ƙyar ya gani. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Ya sake bugawa, sai ji muka yi "ƙas", bakin garma ya rabe biyu kamar kasko. Na biyu ma haka.

"Baba, ai gilashi ka ƙera," in ji injiniya. "Ba wanda ya fi tauri nake nema ba. In ya yi laushi ya lanƙwashe, in ya wuce kima ya fashe a dutsen farko. Tsakiya nake so."

Wani ɗan kwastan ya ce, "Mai fura, ƙara mana guɗar!" Aka tuntsire da dariya.

Maigidana ya ɗauki gutsuren, ya daɗe yana duban inda ya karye. Ya juyo ya dube ni sau ɗaya, sannan ya ce da injiniya, "Kuskurena ne. A ba yaron nan, ya iya." Sunan da ya yi shekara talatin yana ginawa ya ajiye a ƙasa don kada a kira nawa.

Da la'asar na kai mashi tuwo. Ya ɗanɗana miya ya ce, "Yau ba gishiri a gidan nan, ko an kai shi wani aiki?" Iyakar abin da ya taɓa faɗa kan maganar ke nan har Allah ya karɓi ranshi.

Mijin ƙanwata ma ya rasu, bayan ya gina gidan siminti da aikin nan. Cikin waɗanda suka tsaya a wurin, saura ni, da ƙanwata, da tsohon ɗan kwastan da ya makance. Har yau ban yarda mijinta ya fi nawa iya ƙira ba, kuma ba zan yarda ba. Amma na koyi cewa duk ranar da ƙyashi ya sa na ga na fi mai sana'a sanin sana'arshi, wanda nake so zan ji wa ciwo, ba wanda nake ƙyashi ba.