Ɗaki a Ƙasa

Shekarun da muka yi a Mount Hope, a hawa na biyar muke zaune, lif ɗin gidan kuma kullum a lalace. Shi ya sa ban taɓa neman kawo mahaifiyata Amurka ba. Gwiwoyinta ba sa son matakala. Da Allah ya hore mana wani tsohon gida a Staten Island, can bayan St. George, ita ce ta fara faɗo mini a rai.

Gidan ƙarami ne. Falo da kicin ne ke kallon titi, a sama kuma ɗakuna biyu, namu ni da maiɗakina, da na 'ya'yanmu mata. Sai wani wuri a ƙarƙashin gidan, wanda a nan ake ce wa besimen. Rami ne mai faɗi, bangon siminti tsirara, ga warin danshi.

Wani abokina ɗan Zangon Kumasi, direban tasi irina, wanda muke jiran fasinja tare a filin jirgin sama na JFK, ya zo ya duba. Ya ƙwanƙwasa bango ya ce, "Alhaji, ai ɗaki ka samu kyauta! Gyara shi kawai. Ran da za ka sayar da gidan, ramin nan ne zai ɗaga masa daraja."

Na ce, "Ni ba sayarwa ce a gabana ba. Tsohuwa nake son kawowa."

Ya ce, "To, ai ya ma fi. Ba hayaniyar yara, ba sanyi."

Aikin ya ci mini fiye da shekara. Duk ranar da ban fita da tasi ba, ina cikin ramin. Ajin koyon karatu da nake zuwa ma na riƙa tsallake shi, sai dai in zauna da gwangwanin fenti ina haɗa baƙaƙen da ke jikinsa har in gane abin da ake nufi. Na sa tayil, na rufe bango, na shafa kore irin na ɗakinta na Kano. Na kafa famfo ƙasa-ƙasa da ɗan wurin zama, don ta yi alwala ba tare da ta sunkuya ba. Na nemo alƙibla na yi mata alama a bango.

Ni ɗan fari ne. Inna ba ta kama sunana, ba ta kuma doguwar magana da ni. In na kira waya, gaisuwa ce, sai ta miƙa wa ƙanwata. Saboda haka duk bayanin da na yi mata bai wuce wannan ba: "Inna, na gyara miki ɗaki a ƙasa. Ba hawa."

Ta ce, "Madalla. Allah ya yi albarka."

A Kano in an ce ɗaki a ƙasa, ana nufin wanda ba a bene yake ba. Ka ɗaga labule, ka taka tsakar gida, ka ga sararin sama. Ni kunnena ya daɗe a ƙasar nan, bai ji haka ba.

Inna ta iso da bazara. Na ɗauko ta daga filin jirgi, ta ci abinci, ta yi sallar la'asar a falo. Sannan na buɗe ƙofar da ke gefen kicin, na kunna fitila. Ta tsaya tana kallon matakalar da ta gangara. Ta dafa kafaɗar maiɗakina, suka sauka a hankali.

Ba ta dubi gado ba, ba ta dubi famfon ba. Taga ta duba. 'Yar ƙarama ce, can kusa da silin, kuma daidai lokacin wani ya wuce a titi, ƙafafunsa kaɗai muka gani.

Ta ce wa maiɗakina, "Ke, tambayi mai gidan nan, wa ya rasu?"

Maiɗakina ta yi dariyar dole. "Haba Inna, ɗakinki ne fa. Har da hita mai ɗumama ɗaki."

"Mu dai a garinmu, sai an yi wa mutum wanka an sallace shi ake saukar da shi nan. Ko ni an yi mini ne ban sani ba?"

Na ce to mu mu sauko, ita ta ɗauki ɗakinmu na sama. Nan ma ba ni ta amsa wa ba. "Ki ce masa ban haife shi don in kwana a kansa yana ƙarƙashin ƙasa ba."

Ta shimfiɗa tabarma a falo. Kullum kafin yara su sauko ta naɗe ta, ta cusa bayan kujera, ta zauna a gefe kamar mai jiran mota. Na yi haƙuri, na ce in sanyi ya shigo za ta nemi hitar da kanta. Har wata dattijuwa 'yar Maraɗi na kawo mata, wadda ke zaune a besimen ɗin ɗanta, ko za ta kwantar mata da hankali. Suka yi hira mai daɗi. Da za ta tafi, Inna ta ba ta goro, ta riƙe hannunta ta ce, "Sannu, baiwar Allah. Allah ya fitar da ke."

Ganyen bishiyoyi bai gama zuba ba Inna ta ɗaure kayanta. Na roƙe ta, maiɗakina ta roƙe ta, yaran suka yi ta kuka da Turanci. Ta ce, "Ya ce ɗaki a ƙasa. To, a mayar da ni ƙasata, can ɗakina yake."

Na mayar da ita JFK a tasin da nake ɗaukar baƙi. Ba ta sake zuwa ba.

Daga baya wani dillalin gidaje ya zo ya duba mana gidan. Ya sauka, ya taɓa silin da tafin hannu, ya kalli tagar. Ya ce aiki ya yi kyau, amma ba za a ƙirga shi cikin ɗakunan kwana ba, don rufin ya yi ƙasa, tagar kuma mutum ba zai fita ta nan ba in wuta ta tashi. Na gaya wa abokina. Ya ce dillalai ba su san komai ba. Har yau in wani namu ya sayi gida, shi ne farkon mai ce masa ya gyara besimen.

Yanzu akwatuna ne a ciki, da kekunan da yara suka girme wa. Katifar ba a cire mata leda ba. Famfon alwala yana ɗiga, nakan sauka in ɗaure shi. Tabarmar kuwa tana nan bayan kujera, inda ta bar ta.