Baƙar Doyar Mma Samiratu

Mma Samiratu ta gaji kaskon suya daga uwarta, ta kuma gaji mazauninta a bakin tashar Asawase. Direbobin motocin haya na trotro sun san doyarta: sai ta yi ja, gefenta ya soma baƙi, tana ƙaras-ƙaras a baki.

Ran nan ƙanwarta Fadilatu, mai aikin jinya, ta leƙa kaskon ta ɓata rai.

"Yaya, in doya ta ƙone haka, wani sinadari ke fitowa, akirilamaid. Masana na zargin yana jawo ciwon daji."

"Zargi ko tabbas?"

"Ba su tabbatar a jikin mutum ba tukuna. Amma ki riƙa kwashewa da wuri."

Haka ta yi. Washegari Rafiu direba ya gatsa, ya tofar. "Haba Mma, yau ɗanya kike sayar mana?" Ba a jima ba layin masu sayen doyarta ya koma wajen wata maƙwabciyarta mai suya.

Dole ta koma irin suyarta ta da. Sai dai yanzu duk wadda baƙinta ya yi yawa takan tsame ta, ta jefa a kwano ƙarƙashin tebur. Ba za ta sayar wa ɗan wani ba, ba za ta bai wa jikokinta ba. Zubar da abinci kuwa, uwarta ta ce alhaki ne.

Don haka kullum bayan la'asar, in tasha ta lafa, takan jawo kwanon, ta yi bisimilla, ta cinye.